Baitoci ga Inna, yau kwana 40

Hadiza, daga Tawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Yau kwana 40 da rasuwar Inna, mun yi sadaka da sahe an raba gumba da waina, da mutane sunka watse sai na shiga ɗakinta in share, kawai na iske tasbaharta da ɗan dutsen da take taimama da shi nan inda take aje su, wallahi tsintsiyar ma kasa riƙe ta na yi. Shekara 4 ina juya Inna bisa shimhiɗa cikin dare, har yanzu ƙarhe 3 na yi sai in zabura. Ga abin da ya zo min, mai baiti shi amsa.

Inna ta tahi, ɗaki ya yi mini girma,
Ga tasbaharta nan kwance bisa tabarma,
Ɓarin jiki ya mutu, hannun hagu sai kyarma,
Kunu a cokali, man kaɗe a baya, haka munka zamna,
Ban taɓa jin ta ce wayyo ba, ko sau guda ma.

Isuhu, daga Abija:
Yaya kin sa ni kuka tsakiyar kasuwar Ajame mutane na kallona. Ni ban iya waƙa ba amma ga nawa.

Ni ɗan biɗa ne Yaya, ban samu sallarta ba,
Anka kai ta makwanci, ban ɗau makara ba,
Kuɗin ordinansi na aika, ban aika kaina ba,
Muryarta na cikin wayata, har yau ban iya buɗewa ba.

Hadiza:
Haba auta.

Share hawaye, ta yahe maka tun tana da rai,
Ran da bakinta ya buɗe, sunanka ta kira sarai,
Ta ce a gaya ma auta albarkata na bisa kai,
Duk allurar da anka yi mata guminka ne, Allah ya san da kai.

Ramatu, daga Yamai:
Inna Hadiza, Kawu Isuhu, ku bar jika ita ma ta sa baki. Ni ce na raka ta cikin motar kar sadda anka ce a kai ta ga manyan likitoci nan Yamai, kilomita wajen 550, mun taso da asuba ga zahi ga tsaye-tsaye, amma da munka tsaya Ƙonni ita da ba ta da lahiya ita ke tambayata ko na ci abinci, ta kwance bakin zanenta da hannu guda ta ba ni dala ashirin in sayi gyaɗa. Ina da ita har yau, ban kashe ba.

Kaka mai ce mini kishiya, yau da wa za ni wasa?
Littahina na hwarko kin saye shi da ribar albasa,
Ta Galmi kike kasawa, rana bisa kai, ke zaune ƙasa,
Ƙonni, Dutsi, Doso, hanya ta yi mana nisa,
Kanki bisa cinyata, kina salati ba ki gaji ba ko kusa.

Kawu Malam, daga Tawa:
Allah shi yi muku albarka ɗiyana. Ni ta goya kahin ta goye ku, uwarmu ta rasu ina yaye.

Yayata ce, ita ta zama uwata,
Baƙo bai wuce ƙohwarta ba sai ya sha hurarta,
Allah ka sa ciwon nan shi zama kaffararta,
Ka yalwata kabarinta, ka haskaka makwancinta.

Isuhu:
Amin Kawu, amin. Yaya don Allah kar a ba kowa tasbahar.

Hadiza:
Na ɗaure ta cikin kallabinta na sa a akwati, tana jiranka. In ka zo da babbar Salla Kawu zai kai ka kushewa ka ga wurin. Ramatu ke kuma dutsen taimama naki ne.