Ɗana yana CE2 bai iya karatu ba: ku faɗa mana yadda kuka yi da naku

Uwar yara huɗu, Zango

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da yaro ɗan shekara 9, bana yana CE2, aji na huɗu a firamare. Kowace shekara wucewa yake, kayensa cike da rubutu tsaf, har maƙwabta na yaba hannunsa. In ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ya buɗe littafi, sai ka ji yana zuba Faransanci ba gargada. Kwanan baya ƙanena ya zo gidan, ya sa tafin hannu ya rufe hoton da ke shafin, ya nuna masa kalma guda a tsakiyar layi ya ce karanta wannan. Yaro ya yi shiru. Can sai ya koma farkon layin yana rerawa a hankali har ya iso wurin. Ashe duk hadda ce. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Babansa ya ce a nemo mai koya masa a gida, kakarsa ta ce a karɓo masa rubutun sha. Ni boko a CM1, aji na biyar, na tsaya. Don Allah iyaye da malamai da abin ya taɓa samu, me kuka yi? Me ya ci, me bai ci ba?

Malamin CP, Garin Malam

Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki cire wa ranki cewa yaron nan daƙiƙi ne. Wanda ya iya haddace shafi guda cikin harshen da ba ya ji, ai kansa na ja. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Binciken PASEC, mai auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a 2014 ya nuna cikin yaran da ke ƙarshen firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A na 2019 an samu ci gaba zuwa wajen 3 cikin 10, amma ki ga saura nawa ke nan.

Bari in faɗa miki yadda abin ke faruwa, tunda a gabana yake faruwa. Ajina ya haura yara 80. Zan rubuta a allo, in karanta, su amsa baki ɗaya har ana jiyowa daga titi. Muryar ƴan gaba guda goma ce ke ɗauke da ajin, na baya bin sauti kawai suke, idonsu ma ba ya kan allon. Wanda ya wuce ta bakin taga zai ce karatu ya kankama. Ga kuma manhaja tana tura mu, dole a gama darasin mako a shiga na gaba, ko an gane ko ba a gane ba.

Abin da ya canza mini aiki shi ne gwajin mutum ɗaya-ɗaya. Takarda guda ce. A kanta akwai haruffa a warwatse, sai ƴan kalmomi, sai gajerun jimloli, sai ɗan labari. Kina zaunar da yaro shi kaɗai, ki fara da jimlolin. In ya karanta, ki haura da shi labarin, ki tambaye shi me ya ji. In ya kasa, ki sauko kan kalmomi, in nan ma ya cije ki sauko kan haruffa. Inda ya tsaya, daga nan za a ɗora, ko da a CM2, ajin ƙarshe, yake. Wannan tsari daga Indiya ya fito, ƙungiyar Pratham ce ta yaɗa shi, kuma an shigo da shi Nijar cikin darussan ƙari na bayan tashi daga aji, waɗanda kwamitin makaranta, COGES da muka saba faɗa, ke shiryawa tare da iyaye. Ana raba yara bisa inda suka tsaya, a manta da ajinsu na ɗan lokaci. Na ga ɗan CM1 zaune a rukunin haruffa da ƴan CP, aji na biyu, ranar farko yana sunkuyar da kai, kafin hutu ya zo shi ke riƙe wa ƙanana sandar nuni.

Shawarata, ki yi masa gwajin nan da Hausa. Ki rubuta masa "kaka", "tuwo", "rana", "Inna ta tafi kasuwa". In ya iya haɗa k da a ya ce ka, rabin aiki ya ƙare.

Malamin allo, Birni

Mushe, wato malamin lakwal, ya yi magana, Allah ya saka. Abin da ya ce daga Indiya aka kawo, mu a tsangaya da shi muka tashi. Yaro ba ya wanke allo sai ya biya a gaban malam, shi kaɗai, yatsansa a kan baƙin da yake faɗa. Babbaƙu tukuna, ya san kowane harafi da sunansa da kamanninsa a farko da tsakiya da ƙarshe. Sannan farfaru, ya san abin da wasali ke yi wa baƙi. Sai bayan nan ya fara haɗawa. Yara biyu za su shigo rana ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya da wata shida, kuma ba wanda zai ce an yi wa wani rashin adalci. Amma gaskiya mu ma muna da masu rerawa da ka, ido na kallon sama. Maganinsu ɗaya ne, ka ɗauke yatsan yaro ka sa a tsakiyar allo ka ce faɗi wannan.

Maganar rubutun sha kuwa, kada ki yi jayayya da kakarsa. A yi addu'a, a kuma zaunar da yaro a koya masa. Abu guda da iyaye ba su lura da shi: yaron da ya fara da allo hannunsa ya saba tashi daga dama. In ya je lakwal kuka ga yana fara rubutu daga ƙarshen layi, kada a dake shi. A sa masa ɗigo a hagun ardwaz, ɗan allonsa na lakwal, a ce daga nan ake tashi, zai saba.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Dole

Ni fa Mushe ina da ja a maganar Hausar nan. Jarrabawa da Faransanci ake yi, takardar neman aiki da Faransanci. Yaron da ya riga ya makara, a ce kuma a koma da shi "kaka" da "tuwo", yaushe zai kamo ƴan ajinsu? Kuma ina tsoron ya rikice, a gida a ce masa u, a lakwal a ce ou. Nawa yaron na ɗaukar masa wani ɗalibin lise, wato babbar sakandare, jaka uku a wata. An daɗe ana yi ban ga canji ba, sai da na zauna wata rana na ga ashe aikin gida kawai yake yi masa, yaro na kwafa. Na sallame shi na samo wata madam mai ritaya, ita ce ta mai da shi kan haruffa, da Faransanci kuma, yanzu yana karatu. To me ya kawo Hausa ciki?

Tsohon malami mai ritaya, Sabon Gari

Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma iyaye sun sha yi mini ita. Ka ce yaronka yana karatu, Alhamdu lillahi. Ka ba shi ɗan labari ya karanta, sannan ka ce ya faɗa maka da Hausa wa ya yi me. In ya faɗa, madam ta gama aikinta. In ya furta komai daidai amma bai san abin da ya faɗa ba, to da saura.

Yaron da ya shiga CI, ajin farko, ana ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: ya gano cewa zanen nan na kan allo sauti ne, ya kuma koyi harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Da Hausa kaya ɗaya ne. Wasulanmu biyar ne, kuma galibi harafi ɗaya sautinsa ɗaya, yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Faransanci kuwa sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Yaron da ya haɗa t, u, w, o ya ji "tuwo" ya fito daga bakinsa, za ka ga fuskarsa ta washe, don ya san abin da ya karanta. Daga ranar ya gane sirrin, kuma sirrin nan sau ɗaya ake gane shi. Abin da ya rage sai a nuna masa wuraren da Faransanci ya bambanta, ɗaya bayan ɗaya: u namu su ou suke rubutawa, sh namu ch, c namu kuma dabam da nasu. A faɗa masa ƙarara, kada a bar shi ya yi ta laluben duhu.

Wannan ba sabon abu ba ne a garin nan. Makarantar gwaji ta farko a Nijar da aka fara koyarwa da harshen gida kafin Faransanci, a nan Damagaram aka buɗe ta a 1973, da Hausa. A 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasar nan, shi ya sa muke rubuta ƴ mai lanƙwasa inda ƴan uwanmu na Najeriya ke sa 'y. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na riƙe ajin harshe biyu da hannuna, na kuma riƙe na Faransanci zalla, kuma yaran da suka fara da Hausa sun fi sakin baki da tambaya. Inda nake ba ka gaskiya, Alhaji, shi ne wajen tsallakawa. In malami bai samu horo ba, ga littafi babu, sai a bar yara a tsakiyar hanya, Hausar ba ta nuna ba, Faransancin bai samu ba. Na ga hakan ya faru, kuma yana ci mini rai har yau.

Uwa, Tudun Jamus

Yaya, kafin komai ki sa a duba masa ido da kunne. Tawa ƴar an yi ta ce mata ba ta ji, ashe da gaske ba ta ji sosai, kunnenta ɗaya na zubar da ruwa tun tana ƙarama, ga shi a bayan aji take zama. Da aka yi magani na je na roƙi malaminsu ya dawo da ita layin gaba. Ki lura ko yana kanne ido in ya kalli nesa, ko yana karkata kai gefe guda in ana magana.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou

Inna, ni ƙanwata nake koya wa, shekararta 7, kuma ko dala ban kashe ba. Na tara marafan kwalaben lemo, na rubuta harafi a cikin kowane, wasula da jan bik, baƙaƙe da shuɗi. Bayan la'asar mukan zauna a tabarma kamar minti 20. In ajiye mata m, ta jawo a ta ce ma, ta canza ta jawo i ta ce mi. Kafin mu taɓa marafan ma wasan baki muke yi: mu tafa sunanta gaɓa-gaɓa, ko in ce kawo mini abu uku a gidan nan da ke farawa da sautin farko na "tukunya", ta ruga ta nuna tabarma da turmi da tsintsiya, sai mu tsaya mu saurari tsintsiyar da kyau mu ji ashe ts ce, sautinta dabam.

b da d sun ba mu wuya, har da ɓ da ɗ a kai. Na daina nuna mata su tare. Muka zauna kan b kaɗai, tana zana ta da yatsa a rairayi tana faɗa, sanda tukuna sannan ciki, har ta zauna mata daram, sannan na kawo d. Juya haruffan nan abu ne da yawancin masu fara karatu ke yi. Sai in yaro ya girma, an koya masa yadda ya kamata kuma abin ya ƙi, sannan a san yana bukatar kulawa ta musamman da ƙarin haƙuri. Bahaguwa ce kuma, na hana kowa a gidan tilasta mata dama. Ranar da ta fara gajiya ko ta ɓata rai, tattara marafan nake, gobe ma rana ce.

Ƴar ƙungiyar iyaye mata, wajen Mirya

Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma mu nan yaron ne ma ba ya ajin. An buɗe lakwal a Oktoba, ajin zana sai an gama girbi an samu kara. In rani ya yi yarinya tana layin ruwa tun asuba, ko tana ɗauke da tiren talla. Wadda ta rasa makon da aka koyar da harafi, wa zai koma da ita? Mu abin da muke yi, in yaro ya yi fashi mukan je gidan da kanmu mu ji dalili, cikin mutunci. Ƴar ƙanwata da ba ta taɓa shiga lakwal ba har ta wuce shekarun CI, ajin gaggawa na wata 9 aka sa ta, wanda ake farawa da Hausa kafin a shiga Faransanci, daga nan aka mai da ita firamare. Yanzu ita ke karanta wa uwarta saƙon waya.

Malamin CP, Garin Malam

Baba mai ritaya ya taɓo inda ke mana ciwo, wato littafi. Yaro zai iya haɗa gaɓoɓi, sannan ya rasa abin karantawa ban da kwalin shayi da allon shago, sai abin ya dushe. Ga abin da nake yi: in ce yaro ya ba ni labari da bakinsa, na akuyarsu da ta ɓata ko na hawan sallah a ƙofar fada, in rubuta masa layi biyar da manyan haruffa yadda ya faɗa, in miƙa masa ya karanta. Hajiya, CM1 ɗinki ta isa ki yi wannan. In kin yi masa gwajin ki faɗa mana a ina ya tsaya, haruffa ko kalmomi, sai in tsara miki abin da za ku bi. Kuma duk mai gajeruwar tatsuniya da ya rubuta da Hausa mai sauƙi ya turo, ina so in kwafa wa rukunin jimloli kafin hutu ya zo.