Shafin shagona yana rikita kwastomomi, gyara zan yi ko sabo?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Don Allah masana harkar shafukan intanet shawara nake nema. Ina da shago a Kantin Kwari, atamfa da leshi da shadda da yadin maza muke sayarwa, sari da ɗai-ɗai, to bara na sa wani yaro ya buɗe mana shafi da WordPress, manhajar haɗa shafukan intanet, saboda kwastomominmu na nesa, masu saye daga Abuja da Jos da Maiduguri har da mutanen Nijar, kuma gaskiya shafin ya yi kyau a ido hotuna tas-tas, amma abin da ke ɗaure min kai duk wanda na tura wa linki sai ya dawo WhatsApp yana tambaya "Alhaji ina leshin yake", "nawa ne Getzner ɗin", alhali duk suna ciki har da farashinsu. A saman shafin, wajen menu, an jera Home, About Us, Our Vision, Gallery, Products, Blog, Testimonials, Contact, in ka taɓa Products ɗin sai wasu su zubo, New Arrivals, Premium, Classic, Exclusive. Ni kaina mai kayan in aka ce min leshi yana Premium ne ko Exclusive sai na tsaya tunani. A kwamfutar yaron komai lafiya lau, a waya kuwa duk sun ɓuya bayan wasu layuka uku can ƙuryar sama. Ya ce wai haka manyan kamfanoni ke yi. To gyara ake yi ko rushewa zan yi a sake sabo? In kuma gyara ne me da me ya kamata su zauna a menu ɗin?

Injiniyan Zoo Road:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka rushe komai, kuɗinka kawai za ka ƙona, tunda WordPress ne menu ana sauya shi cikin minti kaɗan ba sai an taɓa hotuna ko farashi ba. Matsalar ba ta kyau ba ce, an jera shafin ne yadda wanda ya haɗa shi yake tunani, ba yadda mai saye yake tambaya ba.

Ka duba yadda ake yi a shagon naka. Mace ta shigo ta ce leshi take so, yaronka ba zai ce mata Hajiya bari in fara ba ki tarihin shagon nan da burinmu na gaba ba, kai tsaye zai nuna mata inda leshi yake ya fara saukowa da shi. To menu shi ne wannan yaron. Don haka a saman shafi abin da za a gani shi ne Atamfa, Leshi, Shadda, Yadin Maza, sai Sari in farashin sarinku daban ne. About Us da Vision da Testimonials su sauka can ƙasan shafi, mai son karantawa zai same su, kuma a ƙasan a rubuta adireshin shago sosai, layi kaza gida kaza lambar shago kaza, domin ka san Kwari in ka ce wa baƙo "muna Kwari" kawai ba ka faɗa masa komai ba. Gallery a cire gaba ɗaya, hoton kaya babu farashi babu wajen saye wahalar da mutum ne kawai. Blog ɗin ma in ba rubutu ake sawa ba a ɗauke, don in mutum ya shiga ya ga rubutun ƙarshe tun bara sai ya ɗauka an rufe shagon.

Su Premium da Classic da Exclusive kuwa ba su da wani amfani, babu wanda ya taɓa fitowa daga gida ya ce yau Exclusive zan saya. A cikin Atamfa a raba ta da sunayen da kuke kira a kasuwa, Super, Holland, Chiganvy, Hitarget da sauransu, a cikin Shadda a ware Getzner daban da sauran. Kuma kar a zurfafa, mataki biyu ya isa, mutum ya taɓa Atamfa, ya taɓa Holland, ya ga kaya da kuɗi. In sai ya ratsa ƙofa huɗu ko biyar kafin ya ga turmi ɗaya wallahi WhatsApp zai koma.

Maganar waya kuma ita ce babba. Yaron a kwamfuta yake aiki shi ya sa yake ganin komai daidai, amma kwastomominka kusan duka da waya suke shiga, shi kansa Google tun 2023 ya gama komawa duba yadda shafi yake a waya wajen jera shi a sakamakon bincike. Waɗannan layuka ukun ba laifi ba ne a kansu, amma duk abin da aka ɓoye a bayansu mutane ba sa cika taɓa shi, Nielsen Norman Group, masu binciken yadda mutane ke amfani da shafuka, sun yi gwaji a kan haka a 2016 suka ga ɓoyayyen menu yana rage amfani da shi kuma yana sa mutum ya daɗe kafin ya samu abin da yake nema. Abin da nake yi wa masu kaya irin naka, da an buɗe shafin farko manyan rukunan nan huɗu su fito ɓaro-ɓaro da hoto da suna, sannan a ƙasan fuskar waya a kafa wani layi da ba ya motsi ko ana jan shafi, mai abu huɗu, Farko, Kaya, Nema, WhatsApp. Ƙa'idar da Google suka fitar ta tsara manhajoji ma cewa ta yi irin wannan layin na ƙasa abu 3 zuwa 5 ake sawa kar ya wuce. Kuma kowace alama a rubuta sunanta a ƙarƙashi, kar a bar hoton gilashin nema ko kwandon sayayya shi kaɗai a ce kowa zai gane.

Maman Ilham:
Injiniya Allah ya saka da alheri ka faɗi abin da ke raina. Ni haɗa lefe nake yi a nan Gwammaja kuma ina yawan leƙa irin waɗannan shafukan kafin in shiga kasuwa, bari in faɗa muku abin da ke sa in fita da gudu. Na ɗaya wannan babban hoton da ke ta juyawa a sama, kafin ya gama buɗewa data ta tafi ni kuma ban ga ko turmi ɗaya ba. Na biyu da ka shiga sai wani akwati ya rufe fuskar gaba ɗaya wai in sa imel ɗina, alamar rufewar kuma 'yar mitsitsiya sai ka danna sau nawa tana kai ka wani waje. Sannan in na shiga cikin wani leshi na duba na danna baya, maimakon ya mayar da ni inda na tsaya sai ya watso ni can farkon jeri in sake ja tun daga sama, haba don Allah.

Kuma Alhaji ka ƙara wani abu da Injiniya bai ambata ba. Mu ba kullum da sunan kaya muke nema ba, da buƙata muke nema. Uwar ango kayan lefe take nema, ƙawayen amarya anko suke nema wanda za a samu kala ɗaya turmi talatin ko hamsin, lokacin azumi kuma kowa kayan sallah. In da za ka sa wajen Lefe da wajen Anko, a ankon ka rubuta turmi nawa ya rage na kowace kala, wallahi ka huta da rabin tambayoyin da ake maka. Sai kuma a ba mutum dama ya zaɓi iya kuɗinsa, misali ƙasa da dubu 20, daga 20 zuwa 50, sama da haka, don wata kunya take ji ta ce Alhaji nuna min mai araha amma a waya ba mai ganinta.

Abba Farm Centre:
Ni fa gsky ban ga amfanin wahalar nan ba. Mutanenmu WhatsApp suka sani, ka bude WhatsApp Business ka zuba kayanka a katalog kyauta ne yana daukar kaya har 500 kuma kana iya raba su rukuni rukuni, ga status kullum, ciniki ma a can ake karewa tunda ba wanda zai tura kudin lefe bai yi magana da mutum ba. Shafi kudin hostin wato wajen ajiye shi duk shekara kudin domen wato sunansa na intanet duk shekara, yaron da ya hada in ya bata shikenan.

Injiniyan Zoo Road:
Abba maganarka akwai gaskiya a ciki, ciniki a WhatsApp yake ƙarewa ban musa ba, shi ya sa ma na ce a kafa shi a layin ƙasa. Amma status wanda yake da lambarka ne kawai zai gani kuma bayan awa 24 ya ɓace, matar da ke Kaduna ta rubuta "leshi Kano" a Google ba status ɗin Alhaji za ta gani ba. Aikin shafin ya kawo baƙo ya nuna masa kaya, WhatsApp ya ƙarasa.

Kuma akwai dabara ɗaya da ke haɗa su. A ƙarƙashin kowane kaya a sa maɓallin "Yi magana a kan wannan", a yi shi da linkin wa.me sai 234 sai lambar waya ba tare da sifirin farko ba, ana iya cusa saƙo a cikin linkin yadda da mutum ya danna zai buɗe WhatsApp da rubutu a shirye, misali "Salam ina son leshi mai lamba L14". Ka ga an rabu da ɗaukar hoton fuskar waya ana turowa ana cewa wannan na gefen hagu. Sharaɗin dai kowane kaya ya samu lambarsa kuma lambar ta zama ita ce a jikin turmin a shago.

Abin da Hajiya ta faɗa na Lefe da Anko daidai ne ƙwarai, kuma ba sai an sake ɗora hoto sau biyu ba, in WooCommerce aka sa, wato manhajar shago ta WordPress, kaya ɗaya yana iya zama a rukuni biyu, leshi ɗaya ya fito a Leshi ya fito a Lefe. Sai dai kar su shiga babban menu su cika shi, a sa su a shafin farko ƙarƙashin manyan rukunan, na sallah kuma a ɗaga shi sama in lokacinsa ya zo a sauke bayan sallah. Akwatin da ke rufe fuska a cire, Google ma tun Janairun 2017 suka fara aiki da ƙa'idar cewa shafin da ke yin haka a waya zai iya sauka ƙasa a bincike. Maɓallai kuma a yi su manya, Apple sun ce kar ya gaza 44 Google sun ce 48 a ma'auninsu, wato dai kusan faɗin kan yatsa, a kuma bar tazara tsakaninsu. Maganar yaro ya ɓata kuwa, Alhaji tun yau ka tabbata domen da hostin da sunanka da imel ɗinka aka yi rajista kuma kalmar sirrin shiga tana hannunka.

Ɗan Kwari:
Madalla na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, Hajiya wannan na ankon kamar kin shiga wayata, kullum sai an tambaya ko za a samu kala ɗaya da yawa. Saura abu biyu. Da wane yare za a rubuta menu ɗin, Hausa ko Turanci, tunda ina da 'yan kudu masu saye kuma mutanen Maraɗi da Damagaram Turanci bai dame su ba? Sannan farashin sari ba na so kowa ya gani, maƙwabta na leƙe.

Malama Sa'a:
Alhaji sunayen kayan ka bar su da Hausa, Atamfa, Leshi, Shadda, duk mai sayen kaya a Kano ya san su, ga hoto kuma a kan kowanne. In za a yi yare biyu to a sa wajen sauyawa a can sama inda ido zai gani, a rubuta Hausa da English da haruffa, kar a sa tuta, tutar Najeriya ba ta nuna wane yare ake nufi ba. Kuma in mutum yana cikin Shadda ya sauya yare ya tsaya a cikin Shaddar, kar a jefa shi shafin farko. Akwatin nema ma a gwada shi, wani atamfa zai rubuta wani atampa, wani shadda wani shada, duk ya kamata su kawo kaya, in kuma babu abin da aka nema kar a bar fuska fayau, a nuna manyan rukunan da maɓallin WhatsApp.

Sari kuwa ka bar shi a menu amma cikinsa ba farashi, a rubuta mafi ƙarancin adadin da kuke bayarwa a sari, yadda ake aika kaya ta tasha, sai maɓallin magana. Ɗan sari dama ya san sai an yi ciniki.

Kafin ka biya yaron kuɗin gyara ka yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi. Ka samu mutum biyar da ba su taɓa ganin shafin ba, ba yaranka na shago ba don su sun san kayan, ka sa har da babbar mace wadda ba ta cika danne-danne ba, ka miƙa wa kowa ƙaramar waya irin Itel ko Tecno da data ba wayifai ba, ka ce nemo min farar shadda ka gaya min kuɗinta, sannan ka yi shiru, ko ya kalle ka kar ka nuna masa. Inda yatsansa ya tsaya yana shawagi nan ne gyaran yake. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafuka, tun shekarar 2000 ya rubuta cewa mutum biyar sun isa su tono yawancin matsalolin shafi. Yaron ya zauna a wajen yana kallo, zai fi saurin yarda da abin da ya gani da idonsa a kan ka ce masa wasu a intanet sun ce.

Abba Farm Centre:
To shikenan na sauko amma a rage nauyin hotunan don Allah, netwok din cikin Kwari da rana kowa ya san halinsa. Alhaji in an gama ka turo linkin mu ma mu gwada a namu wayoyin.