Fayif ɗin baƙin mai na injekta ya tsage: a yi walda ko a canza?

Mai Tifa:

Assalamu alaikum. Ina da tifa mai injin dizal silinda shida, irin wanda baƙin mai ne ke tura injektocinsa masu fesa dizal, wato HEUI. Gajeren fayif ɗin ƙarfen nan da ya fito daga famfon matsi ya shiga kan inji shi ne ya fara yoyo. Da farko zufa kawai yake yi, gefen inji ya jiƙe. Yanzu kuwa in direba ya taka wuta da kaya a kai, sai ka ga mai yana feshi siriri. Da safe tana tashi lafiya lau, amma in ta yi zafi aka kashe ta, sai an sha kik kafin ta kama. Mun wanke wurin, muka ga tsagar tana dab da noti, ba ta kai faɗin farce ba.

Mai walda ya ce abu ne mai sauƙi, zai shafe ta da tagulla a wuce wurin. Mai sayar da kayan gyara ya ce sabo sai an yi oda, a jira. Wani kuma ya ce in kai wa masu haɗa tiyon haidirolik su buga min tiyo a madadinsa. Motar dai tana tsaye, direba da yaron mota kuma ni suke kallo. Masana, wanne zan bi? Ni a idona tsagar ƙarama ce.

Direban Dogon Zango:

Wa alaikumus salam, Alhaji. An taɓa yi min waldar fayif ɗin nozul a hanya, da dare, ba yadda zan yi. Ta kai ni inda zan sauke kaya, a hanyar dawowa ta sake buɗewa, ba ma a kan waldar ba, a gefenta. Walda ta mai neman fita daga daji ce. Kai da motarka ke gida, me ya yi zafi?

Tsohon Bakanike:

Alhaji, idonka ne ya ga ƙarama, man da ke ciki bai ga haka ba. Baƙin man da ke zagaya inji yana shafa ƙarafa matsinsa bai cika wuce bar 5 ba (bar ma'aunin matsi ne). Wanda ke cikin wannan fayif ɗin kuwa, in inji ya ɗau kaya, yana kaiwa bar 200, a wasu injinan ma ya wuce. Haka tsarin yake a injinan Caterpillar 3126 da C7, da DT466E na International, da 7.3 na Ford. Famfon ya matse man ya aika wa injekta, wani ɗan fistin a cikin injektar ya ninka ƙarfin kamar sau bakwai, sannan dizal ya fita. In matsin bai kai wani mizani ba, ƙwaƙwalwar motar ba za ta bar injekta ta buɗe ba sam. A 7.3 mizanin wajen bar 35 ne. Shi ya sa taka ke wahalar tashi da zafi: mai ya tsinke, yana zurarewa da sauri, famfo ba ya iya tara matsi da juyin kik kaɗai.

Kafin komai ka tabbatar tsaga ce a jikin ƙarfen. Sau da yawa an kawo min mota an ce fayif ya fashe, a kwance a tarar zoben roba ne na bakin mahaɗa ya bushe ya ƙame. In shi ne, wannan gyara ne halak malak: sabon zobe mai jure zafi, a shafa masa mai, a ɗaure. Ba wanda zai ce ka sayi fayif saboda zobe.

In kuma ƙarfen ne ya tsage, ba ni da wata magana sai canji. Irin wannan tsagar ta gajiya ce, jijjiga ce ta yi ta lanƙwasa shi a wuri ɗaya har ya gaji. Abin da ka gani a waje ƙarshenta ne, kuma ƙarfen da ke kewaye da ita shi ma ya sha irin wahalar. Wutar walda za ta ƙara sassauta shi, sai ya buɗe a gefe kamar yadda ɗan'uwana direba ya faɗa. Amma abin da ya fi damuna shi ne cikin fayif ɗin. Wuta na barin ɓawo da gasasshen mai a ciki, wani lokaci tagullar ma ta ɗiga ta rage faɗin hanya. Daga wannan fayif ɗin zuwa injekta babu filta. Duk abin da ya ɓantare, cikin injekta zai sauka, su kuwa ko ƙura ba sa so. Ka guje wa kuɗin fayif ɗaya, ka je ka sayi injekta shida.

Ga kuma wuta. Mai da ke feshi siriri in ya sauka kan tobo ko bakin salansa mai zafi, kamawa yake. In fayif ɗin ya rabe gaba ɗaya a kan hanya, cikin ɗan lokaci famfo zai watsar da man injin, motar ta mutu nan take, wataƙila a gangara da kaya.

Wanda zai yi tunanin waldar fayif ɗin dizal na sabbin injinan nan masu bututu ɗaya da ke raba wa dukan injektoci, shi ma ya ji: can matsin daga bar 1,600 ne zuwa sama da 2,000, har kamfanoni da yawa na cewa in an kwance fayif kada a mayar da shi. Tsofaffin masu famfo da nozul kuma tsawon fayif ɗinsu ɗaya ne da gangan, in ka yanke guda ka haɗa ka taɓa lokacin feshin wannan silindar.

Mai Haɗa Tiyo:

Tunda an ambaci sana'armu bari in sa baki. Tiyo na iya aikin, akwai injinan HEUI da tun daga kamfani da tiyo suka zo. Sai dai ba kowane tiyo ba. Mutane matsi kawai suke dubawa, su manta da zafi. Tiyon haidirolik na yau da kullum mai waya biyu, yawancinsa iyakarsa digiri 100 ne, baƙin man inji kuwa yana kaiwa nan har ya wuce, ga zafin jikin injin daga waje. Robar ciki za ta ƙame ta fara ɓarewa, ɓarɓashin ya tafi cikin injekta kamar yadda Baba Bakanike ya faɗa. Sai an sami mai jure zafi, kawunansa su zama na kamfani ɗaya da tiyon, a matse da injin matsewa bisa awo, a wanke ciki tas bayan yanka. Kuma in wurin gajere ne mai lanƙwasa sosai, tiyo ba ya son a karya shi. Inda kamfani ya sa ƙarfe, ni da kaina ƙarfe nake cewa a mayar.

Don Allah ka ja wa yaron motarka kunne, kada ya nemi yoyo da yatsa inji na aiki. Matsin da bai wuce bar 7 ba yana iya huda fata. Ramin ɗan mitsitsi ne kamar sukar allura, mutum ya ce ba komai, alhali man ya shige cikin nama. Wannan na asibiti ne nan take, aikin tiyata ne, in an yi jinkiri yatsan ake rasawa. A sa kwali a gani.

Mai Tifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun kwance ɗazu. Baba, ƙarfen ne, har farce na kamawa. Mun kuma ga ramin noti a jikin inji kusa da fayif ɗin babu komai a ciki, da alama akwai abin da ke riƙe shi a da. Na fasa waldar. Amma an samo min na gwanjo daga wani injin da aka farke, in sa kafin sabo ya iso?

Tsohon Bakanike:

Wannan ramin shi ne mai laifin. Maɗauri ne ke zama nan, wani ya kwance bai mayar ba, fayif ya yi ta rawa shi kaɗai. In ba ka mayar da shi da robarsa ba, sabon ma nan zai tsage.

Na gwanjo ya fi walda nesa ba kusa ba, in lambarsa ɗaya da naka. Ka duba kada ya zama an taɓa miƙe shi ko an goge wani wuri, ka duba bakinsa babu kurji ko tsatsa, a wanke ciki da dizal mai tsabta a hure da iska. Zobba sababbi, kada a mayar da tsofaffi. Wajen ɗaurawa a fara kama notin biyu da hannu, su shiga ba gardama. In sai an janyo fayif da ƙarfi kafin ya kai, to ba nasa ba ne, a ajiye. Sifana biyu, ɗaya ta riƙe mahaɗa ɗaya ta ɗaure, bisa awon da ke littafin injin.

Bayan nan za ta ɗan yi gardamar tashi, ta yi ta karkarwa na wani lokaci saboda iskar da ta shiga hanyar man. Kada yaranka su ƙona kik, su riƙa hutawa tsakani. Ka cika baƙin mai kafin a tayar, ka sake aunawa bayan ta yi zafi. In har ta ci gaba da wahalar tashi da zafi bayan fayif ya daina yoyo, a auna matsin famfon, a duba zobban injekta da bawul ɗin da ke daidaita matsin.