ADS1115 na ba ni bolt, ni kuma amfiya nake nema

MaiSola_Kurna:
Assalamu alaikum, injiniyoyi. Ina da ƙaramin shagon caji da sayar da ruwan sanyi a Kurna, kuma da sola nake aiki: batura biyu a jere, bolt 24, da inbata. Tun da zafin nan ya shigo batur ɗin ke mutuwa kafin asuba, shi ne na ce bari in daina zato, in auna amfiya nawa ke shiga da rana, nawa firiza ke sha da dare.

Na sayo shant, wato ɗan ƙarfen da ake sawa a waya don auna amfiya, a Sabon Gari, an rubuta 100A/75mV a jikinsa. Na haɗa shi da ADS1115, ayisi (ƙaramin guntun lantarki) mai mayar da awon wuta zuwa lambobi, na jona da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta hanyar I2C, adireshi 0x48. Linux ya ga ayisin lafiya lau. Matsalar ita ce fayilolin da ke fitowa duk in_voltage ne, babu in_current ko ɗaya. A dibais-tiri, fayil ɗin da ke lissafa na'urorin da aka jona, ina ake gaya wa kanel, wato zuciyar Linux, cewa wannan ƙafar ayisin amfiya take aunawa? Kwana uku ke nan ina fama.

Baffa_Dorayi:
Wa alaikumus salam. Malam, ayisin bai yi maka laifi ba. ADS1115 bai san amfiya ba, bolt kaɗai yake gani. Shant ɗinka ne ke mayar da amfiya 100 zuwa milibolt 75, kuma kanel ba shi da labarin akwai shant a wurin sai ka faɗa masa. Shi ya sa ba a cikin bayanin ayisin ake rubutawa ba. Wani reshe daban za ka buɗe a dibais-tiri:

compatible = "current-sense-shunt";
io-channels = <&adc 0>;
shunt-resistor-micro-ohms = <750>;

Ga inda 750 ta fito: raba milibolt 75 da amfiya 100, ka sami 0.75 na mili-om, wato maikro-om 750. Direban da ke ɗaukar wannan shi ne iio-rescale, yana cikin Linux tun 4.18 a 2018. Ka duba ko an kunna CONFIG_IIO_RESCALE a kanel ɗinka, don in babu shi za ka rubuta komai daidai amma shiru kake ji. Kar ka manta da #io-channel-cells = <1> a reshen ayisin kansa. In ya kama, sabuwar na'ura za ta bayyana da in_current0_raw da in_current0_scale. Ka ninka su, amsar a mili-amfiya take.

Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna: lambar 0 a direban nan tana nufin bambancin da ke tsakanin ƙafafun ayisin AIN0 da AIN1, ita ce daidai da shant. Sannan ka sa ti,gain = <5>, wato awon bolt 0.256. Da shi kowane taki ɗaya kusan maikrobolt 7.8 ne, a shant ɗinka kuwa kimanin mili-amfiya 10. In ka bar shi a bolt 2.048, ka zubar da kashi bakwai cikin takwas na kaifin awon a banza.

AutanTarauni:
Wannan wahalar duk ta mece ce? Ka sayi ayisin INA219 kawai, shi da kansa yake lissafa amfiya.

Baffa_Dorayi:
Auta, ka karanta tambayar kuwa? INA219 iyakarsa bolt 26, baturan mutumin nan kuma suna haura 28 in suna caji. Ƙananan allunan da ake sayarwa ma shant ɗin 0.1 om ke kansu, wajen amfiya 3 suke tsayawa. Firiza za ka auna da wannan? Da INA226 ka ce, mai kai wa bolt 36, da na saurare ka.

Injiniya_Sharaɗa:
Baffa ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara don na taɓa ƙona ayisi biyu a yini guda. Shant ɗin a wayar nagatif za ka sa shi, tsakanin batur da sauran kaya. Ƙafafun ADS1115 ba sa jure abin da ya wuce wutar da ke ciyar da shi, bolt 3.3 a wurinka. In ka sa a fozitif, 24 za ta hau kansa, sai dai ka ji ƙauri.

MaiSola_Kurna:
Allah ya saka da alheri, Baffa. Injiniya, ka cece ni, wallahi a fozitif na yi niyyar mayar da shi gobe. in_current0_raw ya fito bayan la'asar. Sai dai lambar na zuwa da alamar ragi, alhali caji ake yi. Na juya wayoyin AIN0 da AIN1 ne, ko akwai inda ake gyarawa a fayil ɗin?

Baffa_Dorayi:
Juya wayoyin. Ka kashe Pi ɗin tukuna.