Ina neman shawara kan haɗa ƙaramin tanki mai tsirrai domin kifin betta

Uwar Biyu, Kaduna

Assalamu alaikum. Makonni biyu da suka wuce ƙanena ya kawo wa babban ɗana kyautar kifin betta, namiji, mai launin shuɗi da dogayen fukafukai, a cikin wata kwalbar gilashi da ba ta fi lita biyu ba. Wanda ya sayar masa ya ce irin wannan kifi ba ya bukatar wuri mai faɗi, domin a ƙasarsu ma a cikin ɗan ruwan da ya kwanta yake rayuwa. Sai dai a kwanakin nan na lura ya rage kuzari, yana yawan kwanciya a ƙasan kwalbar, kuma ruwan yana yin duhu bayan kwana biyu ko da na canza shi. Na yanke shawarar saya masa tankin gilashi, kuma ina so in sa tsirrai masu rai maimakon na roba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini girman da ya dace, da tsirran da za su jure hannun wadda ba ta taɓa yi ba, da kuma ko zan iya mayar da shi ciki a ranar da na haɗa tankin.

Mai Kifi, Jos

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka da alheri da kika damu da halin wannan halitta. Maganar mai sayarwar tana da tushe, amma ya yanke ta a tsakiya. Asalin betta daga Tailan yake da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, inda yake zaune a gonakin shinkafa da fadamu, kuma Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar haurowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye. Wannan ne ya sa ba ya mutuwa da wuri a cikin kwalba. Amma ruwan fadama, ko da bai kai gwiwa ba, yana da faɗi ƙwarai, ga ciyayi a ko'ina, saboda haka ƙazantar kifin ba ta taruwa a wuri guda kamar yadda take taruwa a lita biyu.

Ki nemi tankin da bai gaza lita 20 ba. Wanda tsawonsa ya kai santimita 40, faɗinsa 25, tsayinsa 25, yana ɗaukar lita 25, kuma ya fi dogon tanki mai zurfi dacewa da shi, tunda nauyin fukafukansa yana gajiyar da shi idan yana hawa da sauka domin shaƙar iska. Lallai ne ya kasance da murfi, domin betta yana tsalle, kuma ni kaina na taɓa rasa guda ta wannan hanya a daren da na manta ban rufe ba. Har yau abin yana damuna.

Game da tambayarki ta ƙarshe, nan ne yawancin masu farawa suke yin asara. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne a gare shi, kuma ina kyautata zaton shi ne yake kwantar da naki a yanzu. A tankin da ya daɗe akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin soson matata, wato na'urar tace ruwan tanki, da tsakuwa. Wasu suna mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, tsirrai ma suna shan sa a matsayin taki. Sabon tanki ba shi da su, kuma sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Shawarata ita ce ki haɗa komai, ki kunna matatar, ki riƙa jefa ƙwayar abinci ɗaya ko biyu kowace rana domin ƙwayoyin bakteriyar su sami abin ci, sannan ki jira. Matatar soso da ke aiki da ɗan injin iska ita ce ta fi, domin igiyar ruwa mai ƙarfi tana wahalar da betta.

Anti Malama, Zariya

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Bayanin Malam ya wadatar a kan tanki, ni zan taɓa batun tsirrai. Ki fara da wanda ake kira anubiyas, wanda abin sha'awa asalinsa daga yankinmu ne, domin yana tsirowa a bakin rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru, daga nan ya bazu zuwa shagunan kifi na duniya. Ganyensa mai kauri ne da faɗi, ba ya bukatar haske mai yawa, kuma betta yana son ya kwanta a kansa idan yana kusa da saman ruwa. Kuskure ɗaya ne yake kashe shi: yana da wani kara mai kauri da ke kwance, mai kama da ɗanyar citta, wanda ganye da saiwa suke fitowa daga jikinsa, kuma idan aka binne wannan kara a cikin yashi ruɓewa yake yi. Sai dai a ɗaure shi da zare a jikin dutse ko guntun ice, bayan 'yan makonni saiwarsa ta kama da kanta. Haka ake yi wa wanda masu shago suke kira jaba fan, mai dogon ganye siriri.

Na uku kuwa kin san shi tun kina yarinya, wato kainuwa. Saiwarta da ke rataye a cikin ruwa tana ba kifin mafaka, tana kuma shan ƙazantar ruwa da sauri fiye da waɗancan biyun, waɗanda girmansu a hankali yake. Idan daga kududdufi za a ɗebo miki, a zaɓi ƙanana daga wurin da ruwan kwata ba ya shiga, ki wanke su sosai, ki ajiye su a bokiti daban na mako biyu domin ki ga ko sun zo da ƙwari ko matsattsaku. Kada ki bari ta rufe fiye da rabin saman ruwan, tunda yana bukatar wurin da zai ɗago ya shaƙi iska. Fitila kuma awa shida zuwa takwas a rana sun isa, kuma kada ki ajiye tankin inda rana take dukansa, in ba haka ba gansakuka za ta lulluɓe gilashin da ganyen gaba ɗaya.

Ɗan Bauchi

Da izinin Malam na Jos, ina da ɗan saɓani a kan jiran makonni shida. Da Hajiya ba ta da kifin tukuna, babu abin da zan ƙara. Amma kifin yana nan a kwalba yana shan wahala, kuma lita 25 da ƙwayoyin bakteriya ba su gama yawaita a cikinta ba ta fi masa lita biyu nesa ba kusa ba. Abin da na yi wa nawa shi ne, na haɗa tankin da tsirrai masu yawa, na bar shi kwana uku ruwan ya lafa, na sa kifin, sannan na riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane kwana biyu har wata guda, ina ba shi abinci kaɗan ƙwarai, ƙwaya biyu ko uku da safe. Idan kika sami wanda zai matso miki soson matatarsa ta tsohon tanki a cikin naki, aikin zai ƙara sauri, domin ƙwayoyin bakteriyar kika samo ke nan.

Sai batun zafi da sanyi. Betta yana son ruwa tsakanin digiri 25 da 28. A Kaduna yawancin shekara ba ki da matsala, amma cikin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ruwan yakan yi sanyi da daddare har kifin ya daina cin abinci, saboda haka ki tanadi ƙaramar hita mai wat 25 wadda take kashe kanta, tare da ma'aunin zafi. Idan an ɗauke wuta da dare, ki lulluɓe tankin da bargo, kuma a nan ma ruwa mai yawa ya fi kaɗan daɗewa bai huce ba. A bazara kuwa ki ɗan ɗaga murfin, ki sa raga a madadinsa, ki bar fanka ta riƙa busa saman ruwan.

Uwar Biyu, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan bi hanyar Ɗan Bauchi saboda halin da kifin yake ciki. Saura tambaya biyu: ruwan famfo muke amfani da shi, shin zai yi? Sannan yarana suna roƙon a ƙaro masa abokin zama.

Mai Kifi, Jos

Na yarda da gyaran da ɗan'uwa ya yi, muddin ba za ki yi sakaci da canjin ruwan ba ko sau ɗaya a watan farko. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda yake ƙona kifi, yake kuma kashe ƙwayoyin da muke son su yawaita, don haka ki sayi maganin cire shi a shagon kifi, ki ɗiga a bokiti kafin ki zuba, kuma ki tabbatar zafin sabon ruwan ya yi kusa da na tankin. Soson matata ma a ruwan da kika kwaso daga tankin za ki riƙa wanke shi, ba a bakin famfo ba. Abokin zama kuwa, ki lallashi yaran su haƙura. Maza biyu za su yi ta faɗa har ɗaya ya yayyage ko ya mutu, mace ma ba za ta tsira daga korarsa ba a wuri ƙarami irin wannan. Idan sun matsa, dodon-koɗi guda ɗaya na tankin kifi ya isa, bayan wata biyu, lokacin da gansakukar da zai ci ta fara fitowa a jikin gilashin.