EliteBook 840 G1 mai RAM 4GB: Linux Mint zai zauna a kanta, ko asarar data ce?

Baƙon_Linux:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Laftof ce HP EliteBook 840 G1, tokunbo, Core i5-4300U, RAM 4GB, faifan HDD mai 500GB, Windows 10 ke kai. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10, kuma Windows 11 ta ƙi hawa. Aikin da ake yi da ita bai wuce buga takardu, shiga intanet, WhatsApp, YouTube da firinta HP LaserJet 1020 ba, sai rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Ina so in sa mata Linux Mint, tsarin kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows. Wane Mint ya dace da ita? A goge Windows gaba ɗaya ko a bar su su biyu? Me ya fi saurin lalacewa wajen sakawa? Data ta waya ce, wuta kuma ba ta da tabbas. A taimaka, Allah Ya saka da alheri.

Mai_Sukuru:

Wa alaikumus salam. Windows 11 ba za ta hau ta hanyar da ta dace ba, don tana neman TPM 2.0 (wani guntun tsaro a cikin na'ura) da Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, taka kuwa ta ƙarni na 4 ce mai TPM 1.2. Mint zai zauna lafiya lau. Amma kafin ka ƙona data, duba ƙarfen tukuna, domin nauyin da ake ɗora wa Windows laifinsa yawanci daga faifan HDD yake fitowa.

Idan kuɗin abu ɗaya ne a hannunka, sayi SSD (faifan da ya fi HDD sauri) mai inci 2.5, nau'in SATA, 240GB ko 256GB. Murfin ƙasan wannan laftof ɗin sakata ce da shi, turawa ake yi ya fita. Cire caja, zare batir ɗin da ke ciki, sannan ka kwance faifan da ƙarfen da ke riƙe da shi, ka mayar da ƙarfen a jikin SSD. Tsohon faifan kada ka taɓa komai a cikinsa. Sa shi a akwatin USB na faifai, ka ga ka sami Windows ɗinka da fayilolinka a ajiye. Wannan ma ya amsa tambayarka ta biyu: ba goge komai, ba raba faifai.

RAM rami biyu ne, tana ɗaukar har 16GB. Abin lura ɗaya ne: DDR3L take so, mai 1.35V. A jikin takardar RAM ɗin za ka ga PC3L-12800S. In ka ga PC3 kawai babu L, wannan mai 1.5V ce, kuma in ka saka ta sikirin zai tsaya baƙi ƙirin, fitila tana ƙiftawa. Su biyun ramin tsagarsu ɗaya, shi ya sa ake ruɗewa a kasuwa. Ƙara 4GB ɗaya ta zama 8GB ya wadatar.

Sai filashi. Fayil ɗin ISO na Mint 22, wanda ake rubutawa a filashi don saka Mint, ya kusa 3GB, don haka filashi mai 8GB ya isa. Ka sauke shi da dare lokacin da layin ke da sauƙi, ko ka karɓa wajen wanda ya riga ya sauke. Ko ta ina ya zo, gwada shi kafin ka rubuta. Buɗe Command Prompt a wurin da fayil ɗin yake, ka buga:

certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256

Dogon lambar da ta fito ta zama daidai da wadda ke shafin Mint, harafi bisa harafi. In layi ya yanke ana cikin saukewa, fayil kan iya cika a ido alhali cikinsa da rami, sai sakawa ta kai rabi ta tsaya. Haka jabun filashi, wanda aka rubuta wa 64GB amma cikinsa bai kai ba: yana karɓar fayil ba musu, sai an zo karantawa ya ba da shara. Manhajar H2testw na tona asirinsa. Wajen rubutawa, Rufus ko Ventoy. Na fi son Ventoy, don sau ɗaya ake shirya filashin, daga nan kwafa ISO kawai ake yi a ciki kamar kowane fayil.

A BIOS, wato saitin cikin na'ura: kunna laftof ka riƙa danna Esc, sannan F10. Boot Mode ka sa UEFI Native, SATA ta kasance a AHCI. Ka adana, ka sake kunnawa, Esc sannan F9, ka zaɓi filashin. Mint zai tashi daga filashi ba tare da ya taɓa faifanka ba. A nan ne ake gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da maɓallan haske kafin a danna Install.

Malama_Xfce:

Ƙari a kan bayanin Mai_Sukuru. Cikin nau'o'in Mint, da RAM 4GB, Xfce za ka ɗauka, ba Cinnamon ba. Tushensu ɗaya, Ubuntu 24.04, tallafi har 2029, manhajojinsu iri ɗaya. Bambancin a fuska yake, kuma Xfce ta fi barin wa Firefox wuri.

In SSD bai samu ba, dole sai su biyun sun zauna a faifai ɗaya, to akwai abu uku da ke kayar da mutane. Na farko Fast Startup. Windows ba ta mutuwa da gaske in ka kashe ta, barci take yi ta bar faifan a kulle, sai Mint ya ga fayilolinka amma ya kasa rubuta komai a wurin. Kashe shi a Control Panel, cikin Power Options. Na biyu, ka rage ɓangaren Windows daga cikin Windows ɗin kanta ta Disk Management, ka bar wa Mint aƙalla 60GB fili, in da hali 100GB. In akwai BitLocker (makullin faifai na Windows) a kunne, kashe shi tukuna. Na uku agogo: Linux na ajiye agogon cikin na'ura a kan UTC (lokacin duniya na bai ɗaya), Windows kuma na ɗaukarsa lokacin gari, mu kuma a Nijeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Duk sanda ka dawo Windows za ka tarar agogo ya ja baya da awa guda. Maganinsa, a Terminal na Mint, wato wurin buga umarni:

timedatectl set-local-rtc 1

Batun Wi-Fi: wannan samfurin wasu na zuwa da katin Intel 7260, wanda ke aiki nan take, wasu kuma da Broadcom BCM43228, wanda ba zai nuna ko da layi ɗaya ba sai an sa masa direba. Buga lspci a Terminal ka ga naka. In Broadcom ne, jona wayarka ta Android da kebul, kunna USB tethering, Mint zai ɗauke ta kamar wayar intanet ta bango. Sai ka buɗe Driver Manager ka zaɓi na Broadcom. Ko babu data ma, in ka sa filashin da ka yi sakawar da shi, Driver Manager na iya ɗauko direban daga ciki. Gara Secure Boot na cikin BIOS ya kasance a kashe, in ba haka ba direban zai shiga amma ya ƙi tashi sai an yi masa rajistar mabuɗi.

Ɗan_Bizines_Senta:

Malama, in RAM ta kai 8GB Cinnamon ma ba ta da matsala, kuma ta fi kama da Windows ga sabon shiga. Amma a 4GB kam na yarda da ke.

Malam Baƙo, abin da zai sa ka tsani Mint ko ka so shi yana wajen takarda da firinta. LibreOffice na zuwa a ciki, yana buɗe docx, amma in babu haruffan da aka buga takardar da su sai ya musanya da wasu, layi ya zame, shafi 10 ya koma 11. Maganinsa:

sudo apt install ttf-mscorefonts-installer fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea

Na farkon zai kawo Times New Roman da Arial. In wani shuɗin allo ya fito yana neman amincewa, Tab ake dannawa a kai kan OK, linzami ba ya aiki a wurin. Carlito faɗinsa ɗaya da Calibri, Caladea kuma da Cambria. Takardar da za a kai a buga a wani wuri, ka fitar da ita PDF, ka huta. CorelDRAW da Photoshop kuwa ba su da na Linux. Inkscape na buɗe wasu fayilolin CDR na CorelDRAW, amma kada wanda abincinsa ke kan zanen katin biki ya dogara da hakan. Irin wannan ya ci gaba da riƙe Windows ɗinsa.

LaserJet 1020 ba ta riƙe manhajar cikinta, duk sanda aka kunna ta sai kwamfuta ta tura mata. Shi ya sa Mint zai gan ta, ya ce an buga, takarda kuwa shiru. Jona intanet, ka buga hp-plugin -i ka bi tambayoyin, sannan ka kashe firintar ka sake kunnawa. In ka ji ta yi gurnani sau biyu, ɗaya da kunnawa ɗaya bayan 'yan daƙiƙu, to ta karɓa.

Haruffan Hausa suna nan a ciki. Shiga Keyboard, ɓangaren Layout, ka ƙara Hausa ta Nijeriya, akwai ma ta Gana. Wanda bai son sauya maɓallansa, a yawancin manhajoji Ctrl da Shift da U tare, sai lamba, sai Enter: 0199 ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ, 01b4 ƴ. Manyansu 0198, 018a da 0181.

Baƙon_Linux:

Na gode ƙwarai. An sa SSD, Xfce ta shiga har ƙarshe ba kuskure. Amma da cire filashi sai baƙin allo mai cewa Boot Device Not Found, da lamba 3F0. A sake sakawa ne?

Mai_Sukuru:

A'a, kada ka sake, Mint na nan daram. BIOS ɗin wannan samfurin an ɗaure shi ne da neman fayil ɗin tayar da Windows a adireshinsa, in bai gani ba sai ya ce babu komai. Esc, F9, zaɓi Boot From EFI File, ka shiga faifan, EFI, sannan ubuntu, sannan shimx64.efi. Sunan ubuntu ɗin daidai ne, da shi Mint ke amfani. In ya tashi, to wannan ce matsalar.

Don kada ka riƙa bin wannan hanyar kullum: F10, Advanced, Boot Options, Define Customized Boot Option, ka rubuta

\EFI\ubuntu\shimx64.efi

Sa alama a kan Customized Boot, ka kai shi saman jerin UEFI Boot Order, ka adana. In ta F9 ɗin ma ba ka ga faifan ba, to ko dai SSD bai zauna daidai a bakinsa ba, ko an tayar da filashin a Legacy aka saka alhali BIOS na kan UEFI. Wannan na biyun ne kaɗai ke buƙatar sake sakawa.

Malama_Xfce:

Da ya tashi, kafin sabuntawar farko ka buɗe Timeshift ka ɗauki hoton tsarin sau ɗaya, wato kwafin da za ka koma masa in abu ya lalace. Sabuntawar farko na cin ɗaruruwan MB, kuma ita ce ba a so wuta ta yanke mata. Duba lafiyar batir da

upower -i /org/freedesktop/UPower/devices/battery_BAT0

Layin capacity ne ke nuna abin da ya rage. In ya yi ƙasa da 50%, kada ka fara sai kana da tabbacin wuta ko inbata. In ta mutu a tsakiya, bayan ta tashi sai sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install.

A Software Manager wasu manhajojin na da nau'i biyu, System Package da Flatpak. Mai data ta waya ya ɗauki na farko. Flatpak na farko da ka sauke zai janyo kayan aikinsa masu nauyi, manhaja ƙarama ta tashi ɗaruruwan MB.

YouTube kuma yawanci bidiyo nau'in VP9 ko AV1 yake turowa, katin hoton wannan ƙarnin kuwa H.264 ya iya warwarewa da kansa. Sauran aikin sai ya faɗa kan Core i5 ɗin, fanka ta hau ihu, batir ya zube. Sa enhanced-h264ify a Firefox, ka tsaya a 720p. In duk da haka umarnin sensors na nuna 85°C zuwa sama, ƙurar hunturu ce ta toshe raga. Riƙe fankar da tsinke kada ta juya, ka busa ragar, ka goge tsohon man sanyaya da ke kan firosesa, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Sukurorin mazaunin suna da lamba a jiki, ka ɗaure su bisa jerin lambar, kaɗan-kaɗan.