Muhawara: Uban da ya kumbura hannun ɗansa ya kwana a gida

Maman Ilham: Jama'a raina a ɓace yake. Wani maƙwabcinmu a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, ya ɗaure ɗansa ɗan shekara 9 a turken akuya, ya zane shi da wayar wuta saboda naira 500. Ni na ga bayan yaron, tsami-tsami, hannun dama ya kumbura ko cokali ba ya iya riƙewa. An je kotu, ya amsa laifi, sai alƙali ya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, wai ya riƙa zuwa yana sa hannu wurin jami'i. Ranar azzalumin ya dawo gida, yaron yana ɗakin da yake. Wa zai tsare shi?

Baban Khalifa: Hajiya, ki janye "azzalumi". Uba ba ya zaluntar ɗansa, sai dai ya wuce gona da iri.

Ɗan Wunti: Gaskiya ne. Mu da aka yi wa dorina a makarantar allo mun mutu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Ilham: Yaya, tanƙwarawa ko karyawa?

Ummu Hanan: To me za a kira shi, waliyyi?

Malam Na Bakaro: Zalunci shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba. Hadisin Abu Dawud ya ce a umarci yaro da salla yana shekara 7, a dake shi a kanta yana 10. Malamai sun ce duka marar rauni, ban da fuska. Wannan bai kai 10 ba, kuma ba salla ba ce.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, to ka ga an halatta dukan ke nan.

Malam Na Bakaro: Ba abin da na ce ke nan ba.

Sadiq Lauya: Ku bari mu koma kan hukuncin. Sashe na 55 na Penal Code, wato dokar laifuka ta Arewa, ya yarda uba ya hori ɗansa muddin bai yi masa mummunan rauni ba, sashe na 238 kuma ya hukunta wanda ya ci zalin yaron da ke hannunsa. Jingine ɗauri ba sakin mutum ba ne. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanade shi a sashe na 460, ban da laifin makami, ko na lalata, ko wanda hukuncinsa ya wuce shekara 3. Tun 2019 hukumar gidajen gyaran hali ke da sashen sa ido kan waɗanda ba a kulle ba. In ya saɓa sharaɗi, kotu na iya tura shi ciki. Alƙali yana duba cewa in ka kulle mai cefane, yaran ne za su kwana da yunwa. Inda nake da ja shi ne, wa ke leƙa gidan ya duba bayan yaron? Sa hannu a ofis ba ya nuna tabo.

Ɗan Wunti: Dokokin Turawa. UNICEF ce ta matsa aka sa hannu kan dokar kare yara a 2023, ga sakamakon nan, ɗa ya kai ubansa kotu.

Maman Ilham: Ba yaron ya kai ƙara ba, kawunsa ne.

Ummu Hanan: Kawu? Ke nan uwar ba ta gidan. Na rantse akwai matar uba a maganar nan.

Amaryar Jahun: Kun fara ko? Komai ya lalace matar uba. Ni 'ya'yan miji uku nake riƙo, ku zo ku tambaya.

Ummu Hanan: 'Yar uwa, na kira sunanki? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Aminu PDP: Ɗan Wunti, kada ka shigo da Ƙauran Bauchi, gwamnan da ya sa hannu a dokar. Dokar kare yara ta tarayya tun 2003 take, gwamnoni nawa suka wuce ba su taɓa ta ba?

Ɗan Wunti: Su suka san abin da suka hango. Kai dai ci albashinka.

Amaryar Jahun: Ummu Hanan ki fito fili, kazar wa?

Baban Khalifa (admin): Na rufe nan. Abin da aka cimma: Malam ya tabbatar da cewa duka yana cikin addini, lauya ya ce doka ta ba uba dama kuma alƙali ya yi daidai. Kalmar "azzalumi" ba ta dace ba, muna jiran Hajiya ta janye. Masu rigimar kishiya su koma inbos.

Maman Ilham: Ba zan janye ba. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min tambayata.

Baban Khalifa (admin): Na ce an rufe, Hajiya.